Zauren Masu Karatu: Yawon Sallah da Iyali, Daga Layin Lilo Zuwa Ruwan Wikki

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan duk kan abu ɗaya suke: an fita da iyali shan iska, an biya kuɗi, amma an dawo gida da ɓacin rai saboda halin wasu da aka tarar a wurin. Mun zaɓo guda shida, mun taƙaita su, mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Ranar yawon Sallah na kai yara huɗu wurin wasa. Mun fi rabin awa a layin lilo, muna dab da shiga sai wata mata da ke gabana ta ɗaga hannu, yara tara suka zo suka shige gabanmu, wai ta kama musu layi. Na yi magana, ta ce ba ni da haƙuri. Ni ce da laifi?
*Wata uwa, Fadaman Mada, Bauchi*

Hajiya, ba ki da laifi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma layi ba don komai aka yi shi ba sai don wannan. Akwai kama layin da kowa ya yarda da shi: uwa ta fita ta kai yaro bayan gida ko ta sayo masa ruwa, ta dawo inda ta bari. Wannan mutum ɗaya ne ko biyu, kuma dama an gan su a tsaye tun farko. Amma mutum ɗaya ya tsaya a madadin tara da suke can suna more wani lilon, wannan cin haƙƙi ne, ko da mai yin sa bai ɗauke shi haka ba.

Ki duba lissafin. A ce lilon yana ɗaukar yara goma sha biyu, kowane zagaye da hawa da sauka yana cin minti biyar. Yara tara sun cinye kusan zagaye guda cur. In mutum uku suka yi haka a gabanki, an ƙara miki fiye da minti goma a rana, alhali a waɗannan shekarun ƙaramar Sallah cikin bazara take faɗowa, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci maki 40. Yaro ɗan shekara uku ba ya jure wannan, kuma kukansa ne zai ƙara hargitsa layin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin magana. Da zarar yaran sun riga sun shige, magana ta zama rigima, domin babu uwar da za ta janye 'ya'yanta a bainar jama'a tana ji tana gani. Tun kina isowa layi ki yi sallama da wadda ke gabanki, ki tambaye ta: “Hajiya, ku nawa ne?” In ta ce su goma ne sauran suna zuwa, kin sami damar cewa, “To don Allah su zo su tsaya, kar mu samu matsala a gaba.” In abin ya riga ya faru, kada ki yi da ita, ki yi da mai karɓar tikiti a bakin ƙofa, da murya ƙasa: “Malam, waɗannan yanzu suka iso, mu muna nan tun ɗazu.” Aikinsa ne, kuma sau da yawa mafita mai sauƙi ce, a raba su biyu, rabi su shiga yanzu rabi su jira.

Sai wani abu da ba ki tambaya ba amma a layin yake faruwa. Idan mai kula da lilo ya ce yaro bai kai tsawo ba, a daina roƙonsa da “haba Malam, yau Sallah ce.” Ƙarfen da ke tare cikin mai hawa an auna shi ne da jikin da ya kai wani girma. Ƙaramin yaro yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa idan lilon ya ɗau gudu. Roƙon nan yana tsayar da layi, in kuma aka yi nasara a kansa to yaron aka jefa cikin haɗari. Haka gidan balan-balan da yara ke tsalle a ciki: kada a haɗa ɗan shekara goma sha biyu da ɗan shekara uku, a cire takalma, a cire ɗan kunne mai tsini da fil ɗin ɗankwali, kuma kada yaro ya shiga da alewa ko cingam a baki.

Mun je Yankari, muna zaune muna cin abinci sai wasu samari a kusa da mu suka fara jefa wa birai biskit suna ɗaukar bidiyo. Kafin ka ce kwabo birai sun cika wurin, ɗaya ya fizge ledar hannun 'yata. Da na yi musu magana suka ce ai sadaka ce. Me ya kamata in yi?
*Wani magidanci, Jekadafari, Gombe*

Alhaji, wannan ba sadaka ba ce, kuma shi ne babban abin da baƙi ke yi wa junansu a sansanin Wikki, wato masaukin baƙi da ke cikin gandun dajin Yankari, ba tare da sun sani ba. Birin da ka gani gwaggon biri ne, wanda wasu ke kira bika, ba irin ɗan birin da ake yawo da shi a kasuwa ba. Babban namiji yana da fiƙoƙi masu tsawo da ƙarfin da ya fi na yaro nesa ba kusa ba. Yana kuma da wayo: da zarar ya koyi cewa hannun mutum da leda suna nufin abinci, ba zai jira a ba shi ba, ƙwata zai yi. Kuma ba wanda ya jefa biskit ɗin zai tara ba, wanda ya fi rauni zai nema, wato ƙaramin yaro ko mace mai goyo. Samarin sun ɗauki bidiyonsu sun tafi, 'yarka ce ta biya.

Irin wannan ba a tsayawa musu a kansa. Ka faɗa musu sau ɗaya, “Samari, don Allah ku bari, akwai yara a nan,” in ba su ji ba ka tashi da iyalinka ka sanar da ma'aikacin gandun da ya fi kusa. Gyara halin samarin da ba ka sani ba a tsakiyar birai ba aikin da zai yiwu ba ne, ɗauke yara daga wurin shi ne na gaba da komai.

Ga abin da ke hannunka. Abinci ya zauna cikin kula mai murfi ko jaka mai zif, ba cikin leda ba, domin ƙarar leda kaɗai tana jawo su. A ci a cikin ɗaki ko wurin cin abinci, ba a fili ba. Kada yaro ya yi yawo da ayaba, burodi, biskit ko robar lemo a hannu. Ƙofar ɗaki a sa mata makulli ko da ana ciki, domin suna iya murɗa hannun ƙofa, tagogi kuma a rufe. Mota ma haka: kada a bar gilashi a sauke ko but a buɗe ana sauke kaya a hankali ana hira. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin but har a gama.

In biri ya riga ya riƙe leda, a sakar masa. Ka koya wa yara wannan tun daga gida, domin ɗabi'ar yaro ce ya ƙanƙame abinsa, kuma a wajen ja-in-ja ake samun cizo da yaƙushi. Kada a zura masa ido, kada a yi masa ihu a fuska, kada a juya baya a ruga; a ja da baya a hankali. In tsautsayi ya sa an samu cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, a faɗa musu dabba ce ta yi, domin su duba batun allurar haukan kare da ta tsinkau-tsinkau. Ka tuna daga sansanin zuwa babbar ƙofa ta Mainamaji ya haura kilomita 40, kafin ma a kamo Dindima a hau titin Bauchi zuwa Gombe. Asibiti ba a bayan ɗaki yake ba.

Mugun dawa da ke kiwo a tsakanin ɗakuna shi ma a bar shi. Yara na son bin sa saboda yadda yake durƙusawa yana cin ciyawa, amma hauren da ke bakinsa ba ado ba ne, balle in uwa ce da 'ya'ya.

Kwandon shara da aka bari a buɗe, da ragowar shinkafa da aka zubar a gindin bishiya, duk ciyar da biri ne. Wanda zai zauna a inuwar bayan ka shi zai tarar da su.

Ina son shiga ruwan Wikki da 'ya'yana mata, amma duk inda ka juya waya ce a sama. Ga masu wanka da sabulu, ga masu tsalle kan mutane. Shin haƙura zan yi da shiga?
*Wata malamar makaranta, Azare*

Malama, kada ki haƙura, ki canza lokaci. Ruwan Wikki ɗuminsa ba ya sauyawa, yana nan wajen maki 31 dare da rana, rani da damina, don haka ba sai rana ta take ake jin daɗinsa ba. Cunkoso yakan yi ƙamari ne daga bayan azahar, lokacin da masu zuwa su koma a ranar suka iso da motocinsu. Wanda ya kwana a sansanin yana da abin da su ba su da shi, wato sassafe. In da hali, a kauce wa kwana biyun farko na Sallah da ƙarshen mako, a je tsakiyar mako. Ki tafi da kayan shiga ruwa masu suturce jiki waɗanda ba sa shan ruwa su yi nauyi. Dogon hijabi da zanen atamfa suna naɗe ƙafa a cikin ruwa, hatsari ne na gaske. Riga mai dogon hannu da wando na yadi mara nauyi, da ƙaramin hijabi mai kama kai, sun fi. Babban tawul ko zane ya jira a bakin ruwa a hannun wani naku.

Yanzu ga masu waya, domin su ma suna karanta mu. Ɗaukar hoton iyalinka halal ɗinka ne. Amma bidiyon da ka ɗauka kana juya waya dama da hagu ya kwashi matan mutane da 'ya'yansu jiƙe da ruwa, kuma da ka ɗora shi a TikTok ko Facebook ya fita daga hannunka har abada. Ka tsayar da naka a inda bayansu dutse ne ko bishiya, ka ɗauka, ka sauke wayar. In an roƙe ka ka goge, ka goge a gaban mai roƙon, ba tare da “ai ba ke nake ɗauka ba.” Ke kuma Malama, in kin ga an saita ku, mafi kyau namijin da kuka zo da shi ya je ya yi sallama ya ce, “Ɗan'uwa, iyalina sun shiga hotonka, don Allah a cire.” Yawancin mutane kunya ce ke kama su. Wanda ya ƙi, a kai maganarsa ga ma'aikata, kada a taɓa wayarsa. Ko a manyan wuraren wasa na duniya ana taka wa masu hoto birki: wuraren Disney sun hana shiga da sandar ɗaukar hoto tun 2015, saboda ana miƙa ta a kan lilo tana zama haɗari ga na kusa.

Sabulu, omo da man wanke gashi ba su da wuri a ruwan. Wikki ba tafki ba ne da ke tsaye, daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa ya gangara ya faɗa kogin Gaji, wanda shi ne mashayar namun dajin gaba ɗaya idan rani ya yi. Kumfar da ka saki tana bi ta kan duk wanda ke ƙasa da kai, sannan ta tafi inda giwa da ɓauna ke sha. A yi wankan sabulu a ɗaki. Jariri mai famfas kada a tsoma shi da shi, yana kumbura ya fashe. A kai yara bayan gida kafin a sauko matakala. Wanda ke da gudawa ko ƙurji mai ruwa ya zauna a waje ranar.

Mu tsaya kan yara, domin nan abin ya wuce ɓacin rai. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ruwan garau yake, ana hango yashin ƙasa, shi ya sa ido ke raina zurfinsa, alhali ta wajen dutsen da yake fitowa ya kusa mita biyu, ya shanye dogon namiji. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, shiru yake yi ya tafi ƙasa, kuma cikin cunkoso kowa na zaton wasa yake. Ɗan ƙasa da shekara biyar ya kasance inda hannunki zai kai gare shi ba tare da kin taka ba. In manya uku ne, a ambaci sunan wanda ke gadi, a sauya duk bayan kwata ɗin awa, kuma mai gadi ba ya riƙe waya. “Ai yayarsa na kallonsa” ba tsaro ba ne idan yayar shekararta tara. Tayar iska da ake hura wa yara abin wasa ce, tana kifewa. Su kuma samari masu tsalle da tura juna, su dubi inda za su faɗa tukuna. Mutum mai kilo saba'in da ya dira a kan wuyan yaro a cikin ruwa ba ya buƙatar mugun nufi kafin ya yi ɓarna.

Mun biya kuɗin motar shiga daji, wasu suka makara muka jira su, sannan suka yi ta hira da waya da ƙarfi har muka dawo ba mu ga abin kirki ba. Laifin hayaniyar ne ko rashin sa'a?
*Wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi*

Duka biyun, amma makarar ta fi yin ɓarna. Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba gidan zu ba ne da aka ɗaure dabba tana jiran ka. Tun da aka keɓe dajin a 1956 aka kuma buɗe shi ga masu ziyara a 1962, dabarar ganin namun ba ta sauya ba: lokacin rani, da sanyin safiya ko da yamma, a kusa da kogin Gaji. Rana na ɗagawa gwanki da kanki da gwambaza su shige inuwa. Wanda ya ɓata wa mota minti talatin da safe ya cinye mafi tsadar lokacin kowa. Ba rashin kunya ba ne ku ce wa direba da ɗan jagora, “Lokaci ya yi, mu da muka zo a tafi da mu.” Ku faɗa tare, kada a bar mutum ɗaya ya zama bakin kowa.

A cikin mota, waya a rufe mata murya, kiɗa a kashe. Wanda ya hango dabba ya nuna da hannu ya yi raɗa, kada ya ƙwala “ga ta can!” Idan an tsaya kusa da giwaye, musamman masu 'ya'ya, ba a tashi tsaye, ba a buga jikin mota don su juyo, ba a sauka sai ɗan jagora ya ce. Na gefen da dabbar take su ɗauki hotonsu su sunkuya na ɗaya gefen su gani, yara kuma a ba su bakin gefe babba na riƙe da su. Ku guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, domin su ne launukan da ke jan tsando, kuma wanda tsando ya dama ba ya iya zama shiru. Ruwa lita ɗaya ga kowane mutum, robar kuma ta dawo tare da ku.

Wani yaro ya ture ɗana daga kan lilo, uwarsa na kallo ba ta ce komai ba. In tsawata masa?
*Wata uwa, Pantami, Gombe*

Ɗa na kowa ne, haka muka taso, amma a wurin da ba a san juna ba hannu bai kamata ya shiga ba. Ki ɗaga naki ki duba shi, ki ce wa ɗayan da muryar da za ki yi wa ɗan ƙanwarki, “A'a yaron kirki, bi-da-bi ake yi, in ya sauka sai kai.” Ki faɗa yadda uwar za ta ji. In ya sake, ita za ki fuskanta: “Maman yaro, taimaka mana da shi.” Kada ki kira shi mara tarbiyya, wannan kalmar uwar take zagi, kuma daga nan ba sauran maganar lilo.

Mun kama ɗaki don mu huta, maƙwabtanmu suka kunna sifika har ƙarfe ɗayan dare. Da rana kuma wasu suka shimfiɗa tabarmi biyar suka kame inuwa duka suka tafi wanka.
*Wani dattijo, Misau*

Baba, Allah ya ƙara haƙuri. Kiɗa ya sauka bayan isha'i, ya mutu kafin goma. A daji sauti yana tafiya nesa fiye da cikin gari, kuma akwai masu jarirai da masu tashi asuba don shiga mota. Ka aika saurayi daga cikin naka ya ƙwanƙwasa tun ƙarfe tara, kafin rai ya ɓaci, ya ce akwai dattijo da yara a ɗakin kusa. In ba a ji ba, ofishin karɓar baƙi ne zai yi magana, ba kai ba cikin dare.

Tabarma kuwa tana kama wurin da mutane ke zaune a kai ne kawai. Iyalin da suka tafi gaba ɗaya su naɗe nasu su bar guda, da mutum a kanta. In ka tarar da inuwa an kame babu kowa, kada ka taɓa kayan mutane, don kar a nemi waya ko jaka a ce kai ne. Ka shimfiɗa taka a gefen da ya rage, in sun dawo ka riga su sallama. Kuma duk wanda zai yi alwala ya matsa da butarsa taku goma daga shimfiɗar jama'a, ta ɓangaren gangare, don ruwan kada ya bi ta ƙarƙashin dardumar wani.

Masu tambaya kan kuɗin shiga da na ɗakuna, farashi yana sauyawa, ku kira ofishin wurin kafin ku taso, ku kuma riƙe tsabar kuɗi a hannu saboda sabis na waya ba shi da tabbas a cikin daji. Wasiƙun da suka shafi tafiya Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa, za su fito a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.